Taurari Biyar Da Murhun Gas: Sharhina Kan Wata Manhajar Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Manhajar da zan yi magana a kanta tana cikin irin waɗanda suka cika intanet a 'yan shekarun nan, masu haɗa mutum da ƙwararren da zai riƙa tattaunawa da shi kan lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta bidiyo ko ta kiran waya. Ka yi rajista, ka amsa tambayoyi kan barcinka da cin abincinka da abin da ke damunka, sai ta jero maka mutane: hoto, takardun karatu, lambar lasisi, ɗan bayanin da kowa ya rubuta a kan kansa, sannan ƙarƙashin kowane suna ga taurari da sharhin waɗanda suka taɓa zama da shi. Ba zan kama sunanta ba, don na leƙa wasu 'yan'uwanta na ga duk kanwar ja ce. Bidiyonta ba ya yawan yankewa, sauya ƙwararre ba shi da wuya, kuma a can na samu wadda ta taimake ni. Amma ɓangaren da suka fi yi wa talla, wato taurarin nan, shi ya fi kowane ɓangare rauni. Duk da haka, da za a ce a cire shi ɗungurungum, ni ce farkon wadda za ta ce a'a.

Dole in faɗi abin da ya kai ni, domin amfanin sharhin ya danganta da ciwon mai karanta shi. Waswasi ne, irin wanda likitoci ke kira OCD, nawa kuma na dube-dube ne. Murhun gas, dutsen guga, ƙofar gida. In kashe, in duba, in fita, in dawo in sake dubawa. Sai da ta kai wayata ta cika da hotunan makunnin murhu, duk iri ɗaya, don in ina wurin aiki zuciyata ta ce ban kashe ba, sai in buɗe hoton in gani. Daga baya hoton ma ya daina gamsar da ni. Sai in ce wa ya sani ko na jiya ne.

Abu na farko da za ka lura da shi in ka fara gangarawa cikin jerin shi ne kowa gwani ne. Wannan 4.8, wancan 4.9, waccan 5 cif. Da ƙyar na ga wanda ya yi ƙasa da 4.5, kuma ma'aunin da ya ce kowa daidai yake bai auna komai ba. Har yau ban wanke kamfanin daga zargin tace sharhi ba, amma ko ba su goge ko ɗaya ba, yadda suke karɓar ra'ayin kaɗai ya isa ya kawo haka. Ana kashe bidiyo, tun ba ka share hawaye ba, fuskar waya za ta tambaye ka yadda zaman yau ya kasance. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ɓoye abu a cikinsa, yau ya samu wanda ya saurare shi minti 50 bai katse shi ba, bai yi masa dariya ba, me kake jin zai danna? Ga kuma tunanin cewa mai yiwuwa ita ma ta ga abin da ka rubuta, kuma mako mai zuwa fuskarta za ka kalla. Wa zai ba wadda ta san sirrinsa taurari biyu, sannan ya koma ya zauna a gabanta?

Sai waɗanda ba sa rubutawa sam. A 2012 Joshua Swift da Roger Greenberg sun tattara bincike 669, suka gano kusan mutum ɗaya cikin biyar na barin irin wannan jinya kafin a kai ƙarshe. Wanda abin bai yi masa ba, yawanci ba ya tsayawa bayani. Sulalewa yake yi, ya daina amsa saƙo, sau da yawa ma kansa yake ɗora wa laifi, ya ce shi ne bai iya ba. Mai ciwon damuwa da tashi daga gado ke masa wuya, ina ya ga ƙarfin rubuta ƙorafi? Muryoyin da suka rage a shafin na waɗanda suka zauna ne.

Ƙwararriya ta farko da na zaɓa tana saman jerin, sharhinta kuwa sai son barka. "Tana da kirki." "Ta fahimce ni tun ranar farko." "Duk sanda muka gama sai in ji hankalina ya kwanta." Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ba ta taɓa makara ba, muryarta a sanyaye, kuma tana tuna abin da na faɗa mata makon jiya ba tare da ta leƙa takarda ba. Ga yadda zamanmu yakan kasance.

"Malama, yau ma sai da na koma gida daga bakin titi."

"Kin tarar da murhun a kunne?"

"A'a."

"To kin gani. Ke fa mai kula ce. Ba ki taɓa barinsa a kunne ba, kuma ba za ki bari ba. Ki kwantar da hankalinki."

Sai in ji kamar an sauke min kaya. Daɗin yakan kai ni har washegari da safe, daga nan sai a koma gidan jiya. Manhajar tana ba da damar tura saƙo tsakanin zama da zama, wannan ma suna tallata shi sosai, to sai na fara tura mata. Na fito, ina jin ban kashe ba. Ta amsa cikin awa ɗaya: kin kashe, kada ki damu. Kafin in ankara ta zama wani hoton a wayata, wanda ke iya ba da amsa.

Da wannan waswasi ke rayuwa. Tunani ya faɗo, tsoro ya tashi, ka duba ko wani ya tabbatar maka, tsoro ya sauka na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka dubawar ce ta cece ka, gobe ta nemi biyu. Miji ko uwa ko abokiyar zama da ke cewa "na gani da idona, kin kashe" cikin ƙauna suke yi, amma ciwon suke ƙara wa ƙarfi. Abin da masu sharhi suka fi yabawa a wurin matar nan, kwantar da hankali, shi ne abin da ciwona ke nema don ya ƙara girma. Ban ga laifinta a wurin wanda aka yi wa rasuwa ba, ko wanda kaɗaici ya dame shi, ko wadda aiki da gida suka haɗu suka danne ta. Irin waɗannan zan iya tura su wurinta gobe. Inda na ga laifinta, da na manhajar, shi ne jerin fannonin da aka ce ta ƙware a kansu. Sun fi ashirin, daga matsalar aure zuwa shaye-shaye zuwa OCD, kuma ita ce ta zaɓe su da kanta, ba wanda ya tantance. Taurari biyar da na ba ta a makon farko suna nan har yau, da kalmomina a ƙarƙashinsu. Gaskiyar abin da na ji a ranar na rubuta. Manhajar ba ta bari a gyara sharhi bayan an tura, kuma ba ta nuna ciwon da ya kai mai sharhin, don haka wata mai irin lalurata za ta karanta nawa ta ɗauka shaida ce.

Ta biyu sharhi ne ya kai ni wurinta, shi ya sa na ce ba zan yarda a cire shi ba. A lokacin na riga na karanta cewa waswasi yana da tasa jinyar ta musamman, sai na daina kallon adadin taurari, na koma karanta abin da masu taurari uku da huɗu suka rubuta. Manhajar ba ta da wurin tace su, sai da na buɗe ta a kwamfuta na riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin sunan wata da ke can ƙasan shafi na ci karo da waɗannan: "Tana ba da aikin gida sai ka ce makaranta." "Na tambaye ta ko komai zai yi daidai, ta ƙi ba ni amsa." "Zamanta da gajiyarwa." Akwai kuma wani dogo, mai taurari huɗu, wanda ya ce ta sa shi taɓa hannun ƙofar banɗaki ya zauna bai wanke hannu ba, ya ce ranar ya tsane ta, amma yanzu wankan da ke cin masa awa guda ya koma 'yan mintoci. Tauraro ɗayan da ya rage mata, wai don ba ta da fara'a ne. Ƙorafin da suka yi a kanta shi ne abin da nake nema.

Hanyar da take bi ba sabuwa ba ce. Victor Meyer ne ya fara bayyana ta a Landan a 1966, daga baya Edna Foa da abokan aikinta a Amurka suka faɗaɗa ta suka gwada ta a bincike da dama, kuma tun 2005 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa ta cikin jinyar da take ba da shawarar a yi wa masu wannan ciwo. Ana kiranta ERP a taƙaice. Ka tunkari abin da ke tayar maka da tsoro da gangan, kaɗan-kaɗan, sannan ka hana kanka dubawar ko wankewar da ka saba, har ƙwaƙwalwa ta koyi cewa ana iya zama da shakka ba a mutu ba. Ba jinya ce mai daɗi ba, kuma duk wanda aka tambaya a makon farko ba zai yabe ta ba.

A zaman farko ba ta lallashe ni ba. Tambayoyi goma ta yi min na wani ma'auni da ake kira Y-BOCS, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 40: awa nawa tunanin ke cin miki a rana, yaya yake hana ki aiki, kina iya tirjewa ko a'a. Na samu 26. Muka jera abubuwan da nake tsoro daga ƙarami zuwa babba, ta ce bayan kowane 'yan makonni za mu sake aunawa, in makin bai motsa ba za ta faɗa min da bakinta mu sake shiri. Wani zama ta ce in ɗauki wayar in shiga kicin. Na kunna murhu, na kashe, kallo ɗaya, na fito na ja ƙofa.

"Dokta, kin gani ai ta kyamara. Na kashe ko?"

"Na gani, amma ba zan faɗa miki ba."

"Kalma ɗaya ce fa."

"Na sani. Cikin ɗari, nawa tsoron yake yanzu?"

"Tamanin."

"To mu zauna da shi. Kada ki kori tunanin, kada kuma ki tashi."

Tafin hannuna ya jiƙe, ina jin warin gas da babu shi, ƙafafuna sai zillo suke su koma. Ita kuwa tana zaune shiru, sai jefi-jefi ta ce nawa yanzu. Kafin lokaci ya cika na ce hamsin, kuma na ji haushin cewa gaskiya na faɗa. Aikin gidan makon shi ne goge hotunan, har da na kwandon shara na wayar. Da aka kashe bidiyo, tambayar taurarin ta fito kamar kullum, na rufe ta. Da na amsa a ranar, biyu zan danna. Bayan wasu watanni makin ya sauko 13. Ina dubawa har yanzu wani lokaci, musamman in ban yi barci sosai ba, amma rabon da in koma gida daga hanya an jima.

Kada wannan ya sa a ce ra'ayin majinyaci ba shi da daraja, don bincike bai ce haka ba. Tun 1979 Edward Bordin ya ce alaƙar mai jinya da majinyaci ta tsaya ne kan abu uku: su yarda kan inda aka dosa, su yarda kan aikin da za a yi, sannan a samu amana a tsakani. A 2018 Christoph Flückiger da abokansa sun haɗa bincike 295 da suka shafi majinyata sama da 30,000, suka ga ƙarfin wannan alaƙa na tafiya tare da samun sauƙi, ko da wace hanya ake bi. Tasirin matsakaici ne, amma yana fitowa a kai a kai. Sai dai a lura, cikin ukun nan jin daɗin mutum abu ɗaya ne kawai, kuma shi kaɗai taurari ke kamawa. Da ta farkon muna da amana, ba mu da aiki. Sannan alaƙar da ke hasashen sauƙinka taka ce da mai jinyarka, ba ta wani baƙo da ya zauna da ita bara ba.

Su kansu ƙwararrun ba a bar su su zama alƙalan kansu ba, kuma wannan ne ya fi ƙarfafa min cewa muryarmu na da muhimmanci. A wani bincike da Steven Walfish da abokansa suka wallafa a 2012, an tambayi ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 129 su auna kansu da takwarorinsu. Kashi ɗaya cikin huɗu suka sa kansu cikin kashi 10 na sama, kuma ba ko mutum ɗaya da ya ce yana ƙasa da matsakaici. Wani binciken na 2005 daga ƙungiyar Michael Lambert ya fi wannan tayar da hankali: cikin majinyata 550, mutum 40 yanayinsu ya ƙara lalacewa, amma masu jinyarsu mutum uku kacal suka yi hasashen za su lalace, cikin ukun ma ɗaya ne suka dace. Ashe bayanin da ƙwararre ya rubuta a kan kansa a shafin bai fi taurarin abin dogaro ba. Abin da nake so in gani a manhajar shi ne sakamakon da aka auna, kuma a rarraba shi bisa ciwo. Ba mafarki ba ne. A 2021 Michael Constantino da abokansa sun wallafa gwaji a mujallar JAMA Psychiatry inda aka haɗa majinyata da masu jinya bisa tarihin nasarar kowannensu a kan irin wannan matsalar, kuma waɗanda aka haɗa ta haka sun fi samun sauƙi. Kamfanin da ke tara amsoshin dubban mutane kullum ya fi kowa damar yin haka. Taurari sun fi sauƙin sayarwa, shi ke nan.

Akwai wani abu da yawancin masu karanta sharhi ba su sani ba, wanda ya bambanta wannan sana'a da otal ko shagon waya. A wurare da dama an hana ƙwararrun neman yabo. Ƙa'idar ɗa'a ta Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, sashe na 5.05, ta hana mambobinta roƙon shaidar yabo daga wanda suke kan yi wa jinya. Ta ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasar, ta 2014, ta haɗa har da tsofaffin majinyata. A Ostareliya kuwa doka ce ta hana ma'aikatan lafiya masu rajista yin talla da shaidar majinyata. Dalilin a fili yake: wanda ya dogara da kai don lafiyarsa ba zai iya ce maka a'a cikin sauƙi ba. To ka ga, mai bin ƙa'ida na iya shekara goma yana aiki mai kyau da sharhi huɗu a shafinsa, wani kuma ya tara ɗari biyu. Ni yanzu in na ga yabo ya yi yawa, kuma duk da salo ɗaya, sai in tambayi kaina wa ya nema.

Haka kuma bakinsu a ɗaure yake in an zage su. Mai gidan abinci zai iya fitowa ya ce ba haka aka yi ba. Mai jinyar ƙwaƙwalwa ko tabbatar da cewa ka taɓa zuwa wurinsa bai kamata ya yi ba. A Amurka dokar sirrin lafiya ta HIPAA ta 1996 ce ta ɗaure su, kuma a 2023 wata cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa a jihar New Jersey ta biya dala 30,000 saboda ta bayyana bayanan majinyata wajen mayar da martani ga munanan sharhi a intanet. Saboda haka mummunan sharhi ɓangare ɗaya ne na labari. Mai yiwuwa gaskiya ce tsantsa. Mai yiwuwa kuma wanda aka ƙi rubuta wa takardar da ya nema ne, ko mijin da bai ji daɗin abin da matarsa ta fara faɗa ba tun da ta fara zuwa. In kuwa ka ga ƙwararre ya fito yana kare kansa yana ambaton abin da aka tattauna a zama, ba sai ka ƙara karanta komai ba, wuce kawai.

Inda sharhi ya fi amfani shi ne abubuwan da ido ke gani, waɗanda ba sa buƙatar ilimin jinya kafin a gane su. Yana zuwa kan lokaci? Yana soke zama ana saura awa ɗaya? Idonsa na kan wata waya yayin da kake magana? Yana cin abinci a gabanka, ko kana jin motsin mutane a ɗakin da ya ce shi kaɗai ne? Ya manta sunan ɗanka a karo na uku? Rabin lokacin labarin kansa yake bayarwa? Yana wa'azi ko gori maimakon sauraro? A nan na yarda da baƙo, musamman in mutum uku da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya cikin kalmomi daban-daban. Da irin wannan na tsallake wani da sharhi biyu suka ce yana ɓacewa makonni ba sanarwa. Akwai kuma abin da ko mutum ɗaya ya faɗa ya isa: neman haɗuwa a waje, saƙonnin dare da ba su shafi jinya ba, neman rance, ko cewa ka daina maganin da likita ya rubuta maka. Irin wannan wurinsa hukumar da ta ba shi lasisi, ba ƙarƙashin taurari kaɗai ba.

Maganar lasisi, manhajar na nuna lamba amma ba ta kai ka inda za ka tabbatar. Sai da na nemi rajistar hukumar da kaina na duba sunan ta biyun, bai ɗauke ni lokaci ba. Yana da kyau a yi, domin ba ko'ina ne sunan sana'ar ke da kariya ba. A Birtaniya, alal misali, doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba ko da bai yi karatun ba, wasu laƙabobi ne kawai na masana halayyar ɗan Adam hukumar HCPC mai rajistar ma'aikatan lafiya ke karewa. Taurari ɗari ba sa maye gurbin wannan dubawar. Ita kam dokta ta yarda in yi ta, sau ɗaya.

Sauran ƙorafe-ƙorafena kan ɓangaren sharhin gajeru ne. Babu kwanan wata, don haka ba ka san yabon na bana ne ko na shekara biyar da suka wuce ba. Ba a nuna zama nawa mutum ya yi kafin ya rubuta. Na saman shafi kuma kamfanin ne ke zaɓar su, abin da sai ka kai ƙasa za ka gani da ƙananan baƙaƙe. A Amurka hukumar kula da cinikayya ta FTC ta kafa ƙa'ida a 2024 da ta haramta sharhin bogi da sayensa da danne marasa daɗi ta hanyar barazana, amma ƙa'ida ba ta sa mai kunya ya yi rubutu.

Ga mai son rubuta nasa, ya tuna me yake sakawa a fili. Na ga sharhin da mutum ya faɗi shekarunsa da aikinsa da sunan ciwonsa da abin da ya faru da aurensa, duk wanda ya san shi zai gane shi a layi na biyu. Kamfanonin ma ba duka ke riƙe amana ba. A 2023 FTC ta sa BetterHelp, wata manhajar irin wannan wadda ba ita ce tawa ba, biyan dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa bayanan masu amfani da ita ga Facebook da Snapchat da wasu don talla, bayan ta yi alkawarin sirri. Da na tashi rubuta wa ta biyun sharhi, bayan mun yi nisa, ban sa komai da zai nuna ni ba. Na faɗi irin ciwon, da hanyar da take bi, da cewa tana aunawa, da cewa makonnin farko za ka so ka gudu. Na ƙara da cewa in lallashi kake nema, ba nan ba ne. Na ba ta biyar, duk da na san bayanin zai fi lambar amfani.

Manhajar ba wurin gaggawa ba ce. Wanda ke jin zai cutar da kansa, asibiti ko layin agajin gaggawa ya kamata ya nufa a take, ba karatun sharhi ba, kuma su ma sun rubuta haka, sai dai a can ƙasa. Ga wanda ya san sunan abin da ke damunsa, kuma zai iya tambayar ƙwararre tun zaman farko wace hanya yake bi da yadda za a gane ana samun ci gaba, tana da amfani. Manhajar kanta na ba ta taurari uku.

Na rubuta wa kamfanin ina roƙon abu biyu: a sa kwanan wata a kan sharhi, a kuma bar ni in ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin wanda na yi wa ta farko, in ce ga mai waswasi ba ita ba ce. Amsa ta zo cikin 'yan mintoci, irin wadda na'ura ke turawa, suna godiya, sun miƙa shawarata ga sashen da ya dace. A ƙasan saƙon akwai taurari biyar marasa launi, ana tambayata yadda na ga amsar.